Gwajin HPV na baki a gida ga mai shan maganin HIV: in saya ko in bari?

Ɗan Zangon Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da na kwana biyu ina juya ta a raina, kuma na ga ya fi mini sauƙi in kawo ta nan, inda ba a san fuskata ba. Shekaruna 47, ina zaune a Agege, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma shekara tara ke nan ni da mai ɗakina muna shan maganin HIV. Alhamdu lillahi, gwajin jinin da aka yi mana na ƙarshe ya nuna cewa ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta iya ganin ta.

A taron ƙungiyarmu ta masu karɓar magani na watan nan, wani ɗan'uwa ya nuna mana talla a wayarsa. An ce za a kawo wa mutum 'yar kwalba har gida, ya kurkure bakinsa da ruwan da ke ciki, ya tofa, mai babur ya zo ya karɓa, bayan 'yan kwanaki a aiko masa da sakamako ko yana ɗauke da HPV a baki. An kuma rubuta cewa wannan ƙwayar cuta tana kawo sankarar maƙogwaro, kuma mu masu HIV mun fi kowa shiga haɗari. Ni dai a iya sanina HPV matsalar mata ce, domin a 2023 an yi wa 'yata allurar rigakafinta, aka ce mana don kare ta daga sankarar bakin mahaifa ne. Yanzu kuma ga shi ana maganar maƙogwaron namiji.

Abin da nake so masu sani su fayyace mini shi ne, shin wannan gwaji irin tsinken nan ne na gwajin HIV da ake gogawa a dasashi a ga sakamako cikin minti 20? Idan ya nuna ina da ita, wane magani ake bayarwa? Kuɗin da suka sa ba kaɗan ba ne ga mai iyali, amma idan abin zai tsare ni daga sankara zan nemo su. Ba zan ɓoye ba, ina shan sigari tun ina saurayi, kuma har yanzu ban iya rabuwa da ita ba.

Maijinya Idi-Araba ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ka ikon ci gaba da riƙe maganinka kamar yadda kake yi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na daɗe ina aiki da masu karɓar wannan magani, saboda haka bari in fara da ɓangaren tallar da yake gaskiya kafin in zo inda ta yi shiru.

HPV ba ta mata kaɗai ba ce. Iri-irinta sun haura 200, kuma goma sha wani abu daga ciki ne suke iya kai mutum ga sankara. Nau'i na 16 da na 18 su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, kuma nau'i na 16 ɗin nan shi ne kan gaba wajen sankarar da ke fitowa a can cikin maƙogwaro, wato a tushen harshe da kuma tsokokin nan biyu da ke gefe da gefe, waɗanda likitoci ke kira tonsil. Wannan sankara ta fi kama maza. Gaskiya ne kuma cewa ana samun HPV a bakin masu HIV fiye da sauran jama'a, kuma takan fi daɗewa a jikinsu, musamman idan garkuwar jiki ta yi ƙasa ko mutum yana shan taba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tambayarka ta biyu ita ce mafi muhimmanci, kuma amsarta ita ce babu wani magani da ake sha ya kashe HPV. Garkuwar jiki ce take kawar da ita, kuma a mafi yawan mutane takan tafi da kanta cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da sun ma san ta zo ba. Abin da ya sa gwajin bakin mahaifa yake ceton rai shi ne, idan aka sami ƙwayar a jikin mace, akwai mataki na gaba: ma'aikaciya za ta duba wurin da idonta, ta shafa masa wani ruwa mai tsami, inda ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙona shi ko a yanke shi tun shekaru kafin ya zama sankara. A maƙogwaro babu irin wannan. Tonsil tana da ramuka masu zurfi kamar saƙar zuma, cutar tana fara aikinta ne a cikin ramukan, kuma har yau likitoci ba su da wata tabbatacciyar hanyar gano wurin da ya fara lalacewa su cire shi kafin ya zama ciwo. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani gwajin HPV na baki don tantance masu lafiya ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta sa shi cikin abin da take umartar a riƙa yi ba.

Ka auna abin da kanka, Malam. Idan sakamako ya ce kana da ita, ka sayi fargaba da kuɗinka, domin likitan da za ka kai wa takardar zai duba bakinka ne ya shafa wuyanka, abin da zai iya yi maka ko babu takardar. Idan kuma ya ce ba ka da ita, akwai haɗarin ka saki jiki ka ci gaba da zuƙar sigarinka, alhali sigari ita kaɗai tana kawo sankarar baki da ta maƙogwaro ba tare da taimakon wata ƙwayar cuta ba. Akwai kuma abin da na sha gani a gidajen aure: takarda ta fito, miji ya dubi mata, mata ta dubi miji, zargi ya shiga. HPV tana yaɗuwa ne ta hanyar kusantar juna, har da saduwa ta baki, amma mutum yana iya ɗauke da ita tun shekaru masu yawa da suka wuce, kuma gwaji ba ya faɗin ranar da ta shiga ko daga wurin wa ta zo. Babu kuma hujjar da ta nuna ana ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko shan ruwa a kofi ɗaya, don haka kada a ware wa kowa kwanonsa a gida.

Shawarata ita ce, ranar da za ka je karɓar magani, kada ka karɓi kwalabenka ka juya. Ka ce a haska maka baki da tocila, a danne harshe a duba ciki, a kuma shafa wuyanka daga ƙarƙashin kunne zuwa ƙashin wuya. Aikin minti biyu ne. Na san layi yana da tsawo, mu ma'aikata kuma sau da yawa hankalinmu yana kan kati da sakamakon jini, amma idan majiyyaci ya nema da bakinsa ba a cika hana shi ba.

Malam Na-Yaba ya amsa:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan ƙara ne a kan tambayar farko, domin aikina ke nan a ɗakin gwaje-gwaje. Yaya, wannan gwaji ba irin tsinken HIV ba ne. Tsinken HIV ɗin, wanda ake kira OraQuick, yana neman sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar HIV ne, shi ya sa layi yake fitowa nan take. Ina ma tunatar da masu shan magani kada su yi amfani da shi don su ga ko sun warke, domin yana iya nuna babu alhali akwai. Shi kuwa gwajin HPV, abin da ake yi a gida ɗaukar samfur ne kawai. Mutum zai kurkure baki, ya ɗaga kai ya kaɗa ruwan a maƙogwaro, jimilla kamar daƙiƙa 30, sannan ya tofa a kwalba ya rufe. Ainihin aikin a wurinmu ake yin sa, inda ake tace ƙwayoyin halittar da ruwan ya kwaso, a sa su a na'urar PCR, ita kuma ta nemi DNA ɗin ƙwayar cutar ta faɗi nau'inta.

Wannan hanya ta kurkurar baki ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ce, masu bincike sun daɗe suna amfani da ita. Da ita aka yi wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2012, wanda ya gano HPV a bakin kusan mutum 7 cikin 100 na masu shekara 14 zuwa 69. A maza adadin ya kai kusan 10 cikin 100, a mata bai kai 4 ba, nau'i na 16 kuwa a bakin mutum 1 cikin 100 aka same shi. Ka ga ke nan mafi yawan waɗanda za a ce suna da HPV a baki ba ma nau'i na 16 ne suke ɗauke da shi ba, kuma ko cikin masu nau'i na 16 ɗin, ƙalilan ne ƙwarai suke kaiwa ga sankara. Gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne. Abin da masu bincike suke sa wa ido shi ne nau'i ɗaya ya nace a bakin mutum shekara da shekaru, kuma ba a sanin hakan sai an maimaita gwajin.

A nan ne na ɗan saɓa da Hajiya. Ban ga laifin mutum ya ba da samfur daga gida ba idan a cikin bincike ne na jami'a ko cibiyar gwamnati, irin wanda ake karanta wa mutum takardar amincewa, ba a karɓar kuɗinsa, kuma akwai likitan da zai bibiye shi. Yawancin alƙaluman da muke ambato daga Turai da Amurka suka zo, kuma mu da muke da kusan mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da HIV, kamar yadda binciken HIV na ƙasa baki ɗaya na 2018 ya nuna, muna buƙatar namu. Cibiyoyi irin su NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba, da asibitin koyarwa na LUTH an kafa su ne har da don irin wannan aiki. Amma mai talla a Facebook da yake neman kuɗi daban ne. A tambaye shi lambar rajistar NAFDAC ta kayan, a tambaye shi wane ɗakin gwaji ne zai yi aikin kuma ko hukumar HEFAMAA ta jihar Legas, mai sa ido kan asibitoci da ɗakunan gwaji, ta san da shi, sannan a tambaye shi wa zai yi wa mutum bayanin sakamakon. Akwai kuma batun hanya, domin kwalbar da ta wuni a akwatin mai babur cikin rana da cunkoson Oshodi, idan ba a zuba mata ruwan da ke adana samfur ba, sakamakonta abin shakka ne.

Wani abin sha'awa da nakan gaya wa ɗalibai shi ne, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci ta 2008 raba ta aka yi tsakanin Bajamushe Harald zur Hausen, wanda ya gano alaƙar HPV da sankarar bakin mahaifa, da Faransawa biyu da suka gano HIV. Tun a wurin karramawa cututtukan nan biyu suke tafiya tare.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Malam, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, abin da ya faru a gidana zan faɗa maka. Maigidana direban tirela ne, yana ɗauko kaya daga Apapa zuwa Arewa, kuma shi ma yana kan magani. Wata rana yana aske gemu ya ji wani ƙullutu a gefen wuyansa na dama, girmansa bai fi goro ƙarami ba, ba ya ciwo ko kaɗan. Da yake ba ya ciwo sai muka ce kaluluwa ce, za ta baje. Bayan wata guda ya fara cewa idan ya haɗiyi abinci yana jin kamar ƙayar kifi ta maƙale, kunnensa na wannan ɓangaren kuma yana masa zogi. Ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis har sau uku. Daga nan 'yan'uwansa suka ce hakin wuya ne, suka kawo wanzami har gida, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya fito da kayan aikinsa. Ni ce na tsaya a bakin ƙofa na ce ba za a sa masa ƙarfe a maƙogwaro ba, aka yi ta faɗa da ni ana cewa na raina magabata.

Sai da muka shafe wata biyar kafin muka isa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa. Da farko an yi zaton tarin fuka ne na wuya, wanda aka ce yana yawan kama masu HIV, aka gwada ba shi ba ne. Aka zura masa siririyar kyamara ta hanci, aka ɗebi tsoka, sakamako ya fito sankara ce a tonsil, kuma aka ce irin mai alaƙa da HPV ce. Likitan ya gaya mana cewa wannan iri ta fi jin magani a kan wadda taba ke kawowa, kuma da yake maigidan ba ya shan taba, hakan ya taimake shi. An yi masa gashi da na'urar ƙona sankara na kusan mako bakwai tare da ƙarin ruwan magani. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, har ya koma tuƙi, sai dai yawunsa ya ƙafe: ba ya rabuwa da gorar ruwa, tuwo sai an cika masa miya, ƙosai da gurasa kuwa ya haƙura da su.

Na sha tambayar kaina ko kwalbar da kake magana da ta cece mu. Ina ganin abin da ya cuce mu wata biyar ɗin nan ne da muka yi muna yawo da ƙullutu a wuya, kowa yana gani. Duk ƙullutun da ya wuce mako biyu zuwa uku, ko ciwon maƙogwaro a gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, ko canjin murya, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti kai tsaye, kada a biya ta kemis.

Matashin Obalende ya amsa:

Ina girmama abin da iyayenmu suka faɗa, amma ina roƙon a fahimci dalilin da ya sa irin wannan talla take shiga ran mutane. Da yawa daga cikinmu muna tsallake asibitin unguwarmu mu hau mota biyu ko uku zuwa wani wuri mai nisa don kada mu haɗu da wanda ya san mu a layi. Tun da aka fara ba da maganin wata uku zuwa shida a lokaci ɗaya, wani sau biyu kawai yake ganin ma'aikacin lafiya a shekara, kuma ni a wurin da nake zuwa ba a taɓa cewa in buɗe baki ba. Mutumin da yake cikin wannan hali, idan aka ce masa ga abin da zai yi a ɗakinsa, dole ya saurara. Sai dai ni ma na yi tunanin gidan haya irin namu, inda mai babur ba zai shigo da ƙunshi ba tare da maƙwabta sun tambayi abin da ke ciki ba. Tambayata ga Hajiya ita ce, shin babu wani gwajin HPV na gida da aka tabbatar da amfaninsa? Kuma mu manya, rigakafin ya wuce mu ke nan?

Maijinya Idi-Araba ta sake amsawa:

Ƙanena, akwai, amma na mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mace ta ɗauki samfur da kanta da tsinken auduga don gwajin HPV na bakin mahaifa, kuma ƙa'idar da ta fitar a 2021 ta ce mace mai HIV ta fara gwaji tun tana shekara 25, ta riƙa maimaitawa duk shekara 3 zuwa 5, domin haɗarin sankarar bakin mahaifa a wurinta ya ninka na sauran mata sau shida. A 2020 kaɗai an ƙiyasta cewa mata 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, 8,000 suka rasu. Saboda haka, Malam na Agege, idan akwai wanda ya fi buƙatar gwajin HPV a gidanka yau, uwargida ce, kuma ta fara tambaya a inda take karɓar magani, domin da yawa daga cikin waɗannan cibiyoyi suna duba bakin mahaifa.

Batun rigakafi kuwa, wanda gwamnati ta fara bayarwa kyauta a watan Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kuma yana kare su daga nau'i na 6 da 11 da 16 da 18. Yarinyar da take ɗauke da HIV ita allura ɗaya ba ta isar mata, ana so ta sami aƙalla biyu, uku idan da hali, don haka iyaye su sanar da mai yin allurar a keɓe. Babba yana iya biya a yi masa bayan ya yi shawara da likitansa, kuma a 2020 Amurka ta amince da allurar rigakafin HPV mai suna Gardasil 9 don kariya daga sankarar maƙogwaro. Sai dai rigakafi yana tare abin da bai shigo ba ne, ba ya korar wanda ya riga ya zauna, shi ya sa amfaninsa yake raguwa yayin da shekaru suke ƙaruwa.

Ɗan Zangon Agege ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa maigidan Maman 'Yan Biyu lafiya. Ban sayi kwalbar ba. Ranar Talata muka je karɓar magani ni da mai ɗakina, na cire kunya na ce a duba mini baki. Likitar ta ɗan yi mamaki, sannan ta ɗauko katakon danne harshe ta haska da tocilar wayarta, ta shafa wuyana gefe biyu, ta ce ba ta ji wani ƙullutu ba, amma dasashina ya kumbura kuma akwai wani farin tabo a gefen harshe da take so likitan haƙori ya gani, ta rubuta mini takarda. Mai ɗakina kuma an ba ta rana a mako mai zuwa don duba bakin mahaifa, wanda ashe shekara huɗu ke nan rabonta da shi.

Sigari ce ta rage. Daga kara goma na dawo huɗu a kwana shida, amma da asuba idan motocin albasa suka iso ana sauke kaya, kowa a gefena yana busawa, nan ne nake kasawa. Wani ya ce in koma tabar gari, likitar ta ce kada in soma, domin ita ma tana kawo sankarar baki. Idan akwai wanda ya taɓa dainawa a cikinku alhali yana aiki a kasuwa, ina so in ji yadda ya yi da wannan lokaci na asuba.